Asabar: Kyaftin Amurka, Kawu da tauraron Boma

An wayi gari da wuta, sai kowa a gidan ya tashi da fara'a. Maman yara ta haɗa gugar mako guda ta yi, ni kuma na tura babur wajen bakanike a Tudun Wada. Fulogi ne kawai. Alhamdulillahi.

Bayan azahar Auta ya shigo da filashi yana murna, wai an tura masa Captain America na farko, The First Avenger ɗin 2011, wanda ba a yi wa fassara ba. Kun san ni ba na cikin masu rawar ƙafa a kan fina-finan da ake tashi sama ana rusa benaye. Amma wannan tun kallon farko na ware shi gefe guda, yau kuma na ƙara samun dalili.

Rabin farkon fim ɗin nan shi ne dukiyarsa. Steve Rogers, ɗan unguwar Brooklyn, siriri, gajere, ga ciwon asma, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, duk ofishin ɗaukar soja da ya je sai a buga masa hatimin bai cancanta ba, ya canza adireshi ya sake gwadawa. Chris Evans, wanda ya fito a matsayinsa, ƙaton mutum ne, da kwamfuta aka tsuke shi, amma ba za ka tsaya tunanin wannan ba saboda yadda yake ɗaga kai ya kalli mutane. Sai ga Dakta Erskine, Bajamushen da ya gudo daga hannun 'yan Nazi, ya tambaye shi ko burinsa ya je ya kashe su. Yaron ya nuna shi ba kisa ya kawo shi ba, masu cin zali ne ba ya so, ko daga ina suka fito. A sansanin horo Kanar ya jefa gurnetin da ba na gaske ba don ya gwada su, ƙartin duk suka watse, wannan ɗan tsugul ɗin ya faɗa a kai ya rufe shi da cikinsa. Daren da washegari za a yi masa allurar da za ta mai da shi ƙaƙƙarfan soja, likitan ya zaunar da shi ya gaya masa dalilin zaɓensa: wanda ya tashi da ƙarfi yakan raina ƙarfin, wanda kuwa ya sha duka ya san darajarsa, ya kuma san tausayi. Ni da nake tsayawa gaban aji kullum na ga wannan da idona. Ka ba yaro bulala ka ce shi ne monita, kafin a tashi tara za ka san ko wane ne shi. Fim ɗin gaba ɗaya a kan wannan tambayar aka gina shi, wa ya kamata a miƙa wa bulalar, kuma ya amsa ta da gaskiya.

Muna tsakiyar haka Kawu ya yi sallama. Maganar rufin ɗakin Hajiya ce ta kawo shi, amma ya ga ana kallo sai ya ja kujera ya zauna da carbinsa. Da aka zo wurin da aka sa wa Steve kayan wasa ana yawo da shi gari gari, 'yan mata na rawa a bayansa, yana naushin Hitler na bogi don jama'a su sayi takardun lamunin yaƙi, Kawu har da dariya. Da aka kai shi Italiya gaban sojojin da suka fito daga bakin daga suka yi masa ihu, ya koma gefe yana zana kansa a matsayin birin wasa, Kawu ya gyaɗa kai. Na ce a raina yau na samu abokin ra'ayi.

Ashe da sauran magana. Da Steve ya kuɓutar da fursunoni ya haɗa 'yan tawagarsa, Kawu ya ce wa Auta, "Kai, tsayar da shi." Ya nuna baƙar fatar da ke cikinsu, Gabe Jones. "Wannan tare suke ci, tare suke kwana da Turawan?" Na ce a fim ɗin haka ne, Kawu. Ya ce, "To ƙarya ce." A nan ba ni da ta cewa, don sojan Amurka na lokacin a ware yake, baƙi da rundunarsu, farare da tasu, sai a 1948 Shugaba Truman ya sa hannu a dokar da ta soke wariyar. Ga kuma Jim Morita, mai asalin Japan, yana ta raha a cikinsu, a shekarun da gwamnatin Amurka ta kwashe danginsa ta tsare a sansanoni.

Na ce, "Kawu, amma ku duba fa, fim ɗin bai ɓoye cewa ana yaudarar mutane da yaƙi ba. Ai yanzu kuka ga yadda aka mai da shi ɗan talla."

Ya ce, "Na gani. Amma shi wannan yaron roƙo yake a kai shi. Baba kuwa yana gona dagaci ya aiko a kira shi. Ba wanda ya tambaye shi ko yana ƙin masu cin zali."

Ɗakin ya yi tsit. Auta ya ajiye rimot.

Labarin Kaka ba baƙo ba ne a gidanmu, amma ban taɓa jin Kawu ya jero shi da irin wannan muryar ba. Jirgin ƙasa zuwa Legas, jirgin ruwa makonni zuwa Indiya, daga nan dajin Boma, wato ƙasar Burma. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda ta shiga kwarin Kaladan a 1944, inda ba hanyar mota, sai dai jirgin sama ya jefo abinci da harsashi, mutane su ɗauka a ka su hau tsauni. Kaka yana cikin masu ɗaukar kayan. Ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, matsattsaku a ƙafa, zazzaɓi, ga Japanawa a cikin duhun itatuwa ba ka ganinsu sai dai ka ji harbi. Kawu ya ce har Kaka ya rasu ba ya son a tashe shi daga barci ta hanyar taɓa shi, sai dai a tsaya daga bakin ƙofa a kira sunansa. Da aka gama, abin da aka ba su na sallama bai kama ƙafar na sojan Bature ba.

Ni ma ban yi shiru ba, don ina jin ana ɗora wa fim ɗin bashin da ba shi ya ci ba. Na gaya masa inda wannan jarumin ya samo asali. Samari biyu ne a New York, Joe Simon da Jack Kirby, dukansu 'ya'yan Yahudawa 'yan ci-rani, suka ƙirƙire shi a mujallar zane. Fitowar farko ta shiga kasuwa a Disambar 1940, da hoton Kyaftin yana kai wa Hitler naushi a muƙamuƙi a bangon gaba. A lokacin Amurka ba ta shiga yaƙin ba, sai bayan shekara guda, da Japan ta kai hari Pearl Harbor a Disambar 1941. Akwai Amurkawa da yawa da ke cewa ba ruwansu da rikicin Turai, akwai ma masu goyon bayan Hitler a fili, har barazana aka riƙa aika wa masu zanen. Ba gwamnati ce ta sa su ba. Su ne suka ga abin da ake yi wa danginsu a ƙetare, abin da ke hannunsu kuwa alƙalami ne, suka yi amfani da shi. Kirby daga baya an ɗauke shi soja, ya yi yaƙi a Faransa a 1944, sanyi ya cinye masa ƙafafu har aka yi tunanin yanke su.

Kawu ya ɗan yi jim, ya ce, "To shi wannan na yarda da shi. Ya san abin da ake ciki." Sai ya nuna allon da carbi. "Amma waɗannan da suka yi fim ɗin, ina Jamusawan? Na ga wasu masu rufe fuska da bindiga mai shuɗiyar wuta, a harbi mutum ya ɓace ɓat. Yaƙin da ba gawa, ba wari, ba mai kiran uwarsa. Wane irin yaƙi ne wannan?"

Wannan tambayar ce ta hana ni sakewa har yanzu da nake rubutun nan. Domin ta taɓa daidai inda fim ɗin ya fi rauni. Da zarar Steve ya samu garkuwarsa, sai labarin ya ajiye 'yan Nazi gefe ya koma kan wata ƙungiya ta ƙirƙira mai suna Hydra da shugabanta Red Skull mai jan ƙoƙon kai, da wani dutse mai haske da aka sato daga Norway. Yaƙe-yaƙen tawagar ma a gurguje aka nuna su, ana kiɗa ana fasa masana'antu. Na fahimci dalili, fim ne da ake so yara su kalla, kuma daraktan, Joe Johnston, da gangan ya ba shi kalar tsofaffin fina-finan kasada. Amma sakamakon shi ne mugun da Simon da Kirby suka yi kasadar naushi a 1940, mutum mai suna da ƙasa da gwamnati, an musanya shi da dodo. Dodo kuwa ba ya tayar wa kowa da hankali, kowa ya san ba zai haɗu da shi a layin zaɓe ba.

Duk da haka ban sauka daga ra'ayina ba, kuma na gaya wa Kawu. Fim ɗin da ya sa jaruminsa ya zauna a rusasshiyar mashaya bayan abokinsa Bucky ya faɗo daga jirgin ƙasa, yana neman abin da zai gusar masa da hankali jikinsa ya ƙi, ba fim ɗin da bai san rashi ba ne. Ƙarshensa ma ba biki ba ne. Mutum ya farka bayan kusan shekara 70, an ci yaƙin ba da shi ba, zamaninsa ya wuce, alƙawarin rawa da ya yi wa masoyiyarsa Peggy ya tafi a banza. Kawu ya ce wannan wurin ya yi kyau. Iyakar abin da ya ba ni ke nan.

Bayan la'asar muka tafi duba rufin. Kwano uku ne suka huje, kafinta zai zo Litinin. Muna shirin fitowa Kawu ya ce wa Hajiya ta ɗauko abin Baba. Ta buɗe adaka ta fito da tsohon gwangwanin alewa, a ciki an naɗe shi da ƙyalle. Lambar yaƙin Boma ce, tauraro mai tsini shida, ƙarfen ya yi duhu, da tambarin Sarkin Ingila a tsakiya. Zaren da ake rataya shi ya koɗe, amma ana gane ja a tsakiya, shuɗi a gefe da ratsin ruwan lemo. Auta ya karɓa ya juya shi, ya tambaya ko na zinare ne. Hajiya ta ce a'a, ta karɓe ta mayar. Shekarar Auta goma sha bakwai, ya san sunan ƙarfen da aka ƙera garkuwar Kyaftin da ƙasar da ake haƙo shi, yau ne ya fara riƙe wannan.

A hanyar dawowa muka bi ta gaban barikin Chindit. Sunan nan daga Boma ya zo, daga dakarun da aka riƙa saukewa a bayan layin Japanawa, kuma akwai bataliyoyin Nijeriya a cikinsu. Haka Kalapanzin da Dalet a Kaduna, haka Myohaung da Arakan a Legas. Muna faɗar sunayen nan kullum wajen kwatancen hanya. Dubun dubatar mutanenmu suka je can, da Hausa ake ba su umarni, su ma Turawan suna kiran rundunar da suka yi yaƙi a ƙarƙashinta wadda aka manta. Mutanen New York sun zana nasu tun ana cikin yaƙin, jikokinsu suka zuba kuɗi suka mai da shi fim. Mu muna da masu shirya fim a Kano, muna da marubuta, muna da masu zane, kuma 'ya'yan 'yan Boma irin su Kawu suna nan da ransu suna riƙe da labarin a ka. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Tuwon dare da miyar kuka. Ƙaramar ta ƙi ci sai da aka yi lallashi. An ɗauke wuta wajen tara.

Auta yana so gobe mu ɗora na biyun, The Winter Soldier. Na ce sai na gama makin jarrabawar aji uku, kuma sai ya fara rakiyata gidan Kawu da wayarsa a cike da caji, don Kawu ya ce akwai waƙar da Kaka yake yi ta jirgin ruwa, yana iya tuna rabinta, Gwaggo kuma ta fi shi riƙe sauran.