Kafin ka sayar da fili don sayen jita

A manyan kantunan kayan kiɗa na Amurka za ka tarar da jita biyu rataye kusa da juna, duka Fender Stratocaster, ƙira ɗaya, tsirkiya shida-shida. Ɗaya kuɗinta bai kai dala 1,000 ba, ɗayar kuwa sai ka ajiye wajen dala 5,000, kuma abin dariya, mai tsadar ce fentinta ya kankare kamar wadda ta daɗe tana shan wahala. Ta farkon daga masana'antar kamfanin da ke Ensenada a ƙasar Meksiko ta fito. Ta biyun daga sashen da suke kira Custom Shop, a garin Corona na jihar Kalifoniya. Ƙannena masu koyon jitar lantarki sukan tambaye ni abin da ke cikin wannan rata ta kuɗi, kuma ina da bakin magana, domin na taɓa sayar da ɗan filina na zuba kuɗin a irin ta biyun, a lokacin da ban ma gama sanin hannuna ba.

Fender ta buɗe wannan sashe a 1987, shekara biyu bayan ma'aikatanta sun sayi kamfanin daga hannun CBS. Maƙera jita biyu ne suka fara shi, John Page da Michael Stevens, kuma aikinsu a lokacin shi ne su ƙera wa manyan makaɗa jita yadda suke so. Sauran kamfanonin jita ma haka: Gibson na da irin nasa sashen a Nashville, PRS kuma na kiran nata Private Stock. Abin da yawancinmu muke zato shi ne wani tsoho yana zaune da gizago yana sassaƙa kowace jita daga gungume. Ba haka ba ne. Injin mai aiki da kwamfuta shi ke yanka gangar jiki da wuya a can ma, kamar yadda yake yi a babbar masana'anta. Bambancin yana farawa ne kafin injin, wajen zaɓen katako, sannan ya ci gaba bayan injin, wajen lokacin da hannun mutum ke ɓatawa a kan kaya.

Katakon da ake kai musu an tace shi: wanda ya fi sauƙin nauyi, wanda zanensa ya miƙe, wanda ba a haɗa gutsattsari da yawa ba. A jitar masana'anta mai araha ana iya manna gutsure da dama a yi gangar jiki, fenti ya rufe. Sannan akwai fenti kansa. Yawancin jitocin Fender na yau da kullum ana fesa musu wani fenti mai kauri da tauri irin na roba, wanda ba ya jin komai. Na Custom Shop galibi irin na da ne, wanda suke kira nitro, siriri, mai tsufa tare da jitar. Fikof kuma, wato maganaɗisun nan da aka naɗe da siririyar wayar tagulla da ke ɗaukar motsin tsirkiya ya mai da shi lantarki, a wasu jitocin da hannu ake naɗa shi. Wata mata mai suna Abigail Ybarra ta shiga Fender a 1956, ta yi ritaya a 2013, kuma har yau masu tara kaya suna ƙara kuɗi idan suka ga sa hannunta a ƙarƙashin fikof. A cikin Custom Shop ɗin ma akwai hawa biyu. Team Built ƙungiya ce ke haɗa ta, kowa da ɓangarensa. Masterbuilt mutum ɗaya ne ke riƙe da ita tun daga katako har a ɗaura tsirkiya, ya sa hannu a bayan kanta, kuɗinta ya ninka, kuma jerin masu jira kan kai shekaru.

Duk wannan gaskiya ne, ba tallan kamfani ba. Idan ka shafa gefen wuyan irin wannan jita za ka ji an goge shi ya yi laushi, babu ƙarfen da ke kartar tafin hannu. Aiki ne mai kyau. Matsalata ba da aikin ba ce.

Tawa na saye ta hannu na biyu, ta wurin wani abokina da ke zaune a Turai, ban taɓa riƙe ta ba sai ranar da ta iso. Hotuna kawai na gani, da takardar shaidar kamfani. An ƙera ta ne bisa tsarin shekarun 1950, kuma ni a lokacin duk abin da aka ce na shekarun 1950 ne, to a wurina shi ne na gaske. Da na ɗora hannu sai na ji wuyan ya cika min tafi, ɗan yatsana babba ba ya iya leƙowa sama yadda na saba. Ni mutum ne mai gajerun yatsu, kuma duk koyona a kan siririn wuya na yi shi. Wanda ya fara ba da odar jitar shi ya zaɓi wannan kauri, don hannunsa. Kamar ka sayi babbar rigar da ƙwararren tela ya ɗinka wa wani ne: shaddar mai tsada ce, aikin wuya babu na biyunsa, amma awon kafaɗar ba naka ba ne. Wannan shi ne abin da ban gane ba. Babban abin da kuɗin Custom Shop ke saya maka shi ne zaɓi, ka ce ga kaurin wuyan da kake so, ga irin ƙarafan firet, wato siraran ƙarafan da ke gicciye a kan wuya, ga nauyi. Wanda bai san abin da zai zaɓa ba, ko wanda ya sayi zaɓin wani, ya biya kuɗin abin da bai amfana da shi ba.

Akwai kuma lanƙwasar fuskar wuya, abin da ban taɓa jin labarinsa ba sai da ya cije ni. Tsofaffin Fender suna da lanƙwasa mai zurfi, inci 7.25 a ma'auninsu, na zamani kuwa yawanci 9.5 ne, sun fi shimfiɗa. Mai zurfin tana da daɗi wajen kama tsirkiyoyi da yawa lokaci ɗaya. Amma idan ka sauke tsirkiya ƙasa-ƙasa don sauri, ka zo can saman wuya ka ja ta sama don ta yi kuka, sai ta taɓa ƙarfen gaba, sautin ya shaƙe ya mutu. Irin kiɗan da nake so, mai gudun yatsu da jan tsirkiya, dole na ɗaga tsirkiyoyin sama, hannuna ya riƙa gajiya tun ba a yi nisa ba. Tsohuwar Squier ɗina 'yar Indonesiya, samfurin Fender mai araha, wadda na raina, ba ta taɓa min haka ba.

Sai hunturu ya shigo. Masu ƙera jita suna so a ajiye ta inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A ƙasarmu lokacin hunturu yakan faɗi ƙasa da 20, da damina kuma ya hau sama sosai. Katako yana tsukewa, ƙarfe ba ya tsukewa, saboda haka bakin firet ɗin nan da aka ɓata awoyi ana gogewa ya leƙo waje yana kartar hannu kamar na kowace jita. Wuyan ma ya motsa. Maganin wannan sananne ne, akwai sandar ƙarfe a cikin wuya da ake ɗan murzawa ta daidaita shi. A jitar zamani kan sandar yana sama, kusa da maɓallan ɗaure tsirkiya, ka sa ɗan makulli ka juya cikin minti biyu. A tawa, tunda an kwaikwayi tsarin da kwabo da kwabo, kan sandar yana gindin wuya, inda ya shige cikin gangar jiki. Sai na sassauta tsirkiyoyi, na kwance kusoshi huɗu, na ɗaga wuyan, na murza, na mayar, na ɗaure, na gwada, in bai yi ba na sake. A garin da yanayi ke juyawa haka duk shekara, wannan ba ƙaramin ciwon kai ba ne. Kamfanin bai yi laifi ba, abin da aka nema ya yi. Ni ne ban tambayi kaina inda zan zauna da ita ba.

Fentin nitro shi ma yana da halinsa. Ba ya shiri da roba: na jingina ta a kan mariƙi mai araha, robar ta narke cikin fentin ta bar tabo baƙi a bayan wuya. Ba ya shiri da turare mai barasa, ba ya shiri da maganin sauro na shafawa, kuma wanda ke kiɗa a fili da daddare ya san ba ya rabuwa da su. Ka fito da ita daga ɗaki mai sanyin AC ka sa a mota da rana, sai fentin ya tsattsage. Wasu suna son wannan. Tun 1995 Fender ke sayar da jerin da ta kira Relic, sabuwar jita da aka kankare aka tsufar da gangan, Gibson ma ta buɗe Murphy Lab don irin wannan aiki. Ra'ayi riga. Amma ku sani kuɗin kankarewar nan ado kuka saya, ba ya ƙara komai a abin da ke fita daga lasifika.

Wauta mafi girma da na yi ita ce ta amfilifaya. Jitar ta cinye kuɗin duka, sai na ci gaba da jona ta a tsohon ɗan akwatina mai ƙaramar lasifika. Jitar lantarki rabin kayan kiɗa ce, ɗaya rabin shi ne amfilifaya da lasifikar da ke cikinta. Jita mai matsakaicin kuɗi a kan amfilifaya mai kyau ta fi jitar dala 5,000 a kan akwati mai kukan gwangwani, kuma ba kusa ba. Ƙari a kan haka, fikof mai naɗi ɗaya irin na Stratocaster yana jan gurnanin wuta. A gidan biki inda janareto ke aiki, wayoyi a warwatse, babu wayar ƙasa, fikof ɗin da aka naɗa da hannu yana gurnani daidai da na araha. Kuma a gaskiya ban cika kai ta biki ba. Tsoro nake ji, kada yaro ya ture ta, kada ƙura ta shiga, kada a yi awon gaba da ita. Tana akwati a gida, Squier ce ke fita neman abinci.

Abin da ya kamata ya tsayar da ni tun farko yana cikin tarihin kayan. Jitocin da Custom Shop ke wahalar kwaikwayo, Stratocaster ta 1954 da Les Paul ta Gibson ta 1959, a zamaninsu kayan masana'anta ne na kowa da kowa, ana fitar da su a kai kanti. Shahararren makaɗin jita Jimi Hendrix da irin na kanti ya yi aikinsa. Shahararriyar baƙar jitar Eric Clapton, wadda ake kira Blackie, daga tsofaffin Stratocaster ɗin da ya saya a Nashville a 1970, kowace wajen dala 100, ya zaɓi ɓangarori ya haɗa ta. An yi gwanjonta a 2004 kan dala 959,500, kuma hannun da ya riƙe ta aka saya. Kusa da mu ma akwai misali. Mdou Moctar na Nijar da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, waƙoƙinsa suka bi katin memori na waya suka zagaye Sahel kafin Turawa su san sunansa. Stratocaster ta zo masa daga baya, bayan yatsun sun riga sun ƙware a bukukuwan Agadas.

To me za ku yi da kuɗinku? Ku fara da jitar masana'anta mai lafiya, Squier ta ajin sama, ko Fender 'yar Meksiko, ko PRS SE, ko Yamaha Pacifica. Injinan yau sun daidaita aiki ƙwarai, rata tsakanin mai araha da mai tsada ta ragu fiye da yadda take a da. Sai ku nemi mai gyara da ya san aikinsa, ko ku koya da kanku: daidaita wuya, tsayin tsirkiya, zurfin ramukan da tsirkiya ke kwanciya a kai can sama, goge bakin firet, da saita tsawon kowace tsirkiya don kada sauti ya karkace a saman wuya. Yawancin daɗin da mutum ke ji idan ya riƙe jita mai tsada daga wannan saitin yake, kuma kuɗinsa kaɗan ne. In fikof bai yi maka ba, ana sauya shi. Sauran kuɗin a sa a amfilifaya, da waya mai kyau, da tsirkiyoyin ajiya, domin gumi da ƙura suna kashe su da wuri.

Duk jitar da ta zo hannunka ka riƙe ta, ta aboki ce, ta situdiyo ce, ta baƙo ce. Ka lura da wuyan da hannunka ya saki jiki a kai, ka tambayi sunan ƙirarsa da lanƙwasarsa, ka ji nauyin a kafaɗa bayan awa guda a tsaye. Ranar da za ka iya zama ka faɗi abin da kake so dalla-dalla, kuma ka duba kanti ka rasa shi, ranar ce Custom Shop ta zama taka. Bahago ma, wanda kantuna ba su cika ajiye masa zaɓi ba, yana da hujja.

In kuma ka kai wannan matsayi kuma hannu na biyu za ka saya, kada ka tura ko sisi sai ka ga takardar shaida, lambar da ke jikinta ta yi daidai da ta jitar, kuma ka tuntuɓi kamfanin da lambar, domin jabu sun yi yawa, musamman na Gibson, wasu har da takardun bogi. Ka nemi a auna maka kaurin wuya, a faɗa maka nauyi da kilo, a nuna maka inda kan sandar wuya yake. Ka lissafa kuɗin jirgi da na kwastan tun kafin ka ce ka saya. Ka kuma tuna da ranar sayarwa: a nan masu iya ajiye miliyoyi kan jita ɗaya ba su da yawa, ni sai da na mayar da tawa Turai kafin na sami mai saye, kuma abin da ya dawo hannuna bai kai kuɗin filin ba.