Saman kudu daga Ngaundere

Wata ukun farko da na yi a Ngaundere barci ba ya ɗaukata da wuri. Daga Agadas na zo, kawuna ne ya kira ni in riƙe masa shagon gyaran waya. 'Yan kuɗin da na ƙullo ma sai da aka canza mini su, don sefar Nijar ba ta ciniki a Kamaru, ko da yake darajarsu ɗaya. A kasuwa Fulatanci ake yi, in an ce mini "Jam na?" na amsa "Jam", to iyakata ke nan. Hausawa suna nan da yawa, sun kuma karɓe ni hannu biyu, amma in aka yi sallar isha kowa ya shige gida, sai a bar ni a tsakar gida da sanyin tudun Adamawa.

Kaza da 'Ya'yanta na fara ganewa, tana nan yadda na baro ta a gida. Da na juya kudu kuwa sai na ga sama ta ƙaru. Tauraron da malamai ke kira Suhailu, wanda a Agadas ba ya yin nisa da ƙasa, ga shi nan ya ɗaga sosai. Agadas tana kan digiri 17 arewa da tsakiyar duniya, Ngaundere kan 7. Digiri goman nan, faɗin dunƙulen hannu ne in ka miƙe shi gabanka, amma abin da ke cikinsa ba kaɗan ba ne. A kan haka, don ɗaukar hoton taurari, na sayi tsohuwar kyamarar Canon wajen wani mai hoton biki, da gilashi mai milimita 50 da ƙafa uku.

Da zumuɗi na fara. Na ga Babban Gajimaren Majalan, wani gungun taurari mai kama da gajimare can kudu, a manhajar Stellarium, na ce shi zan ɗauka tunda a gida da ƙyar yake leƙowa. Watan Disamba ne, hunturu ya kankama. Dare uku ina hawa babur zuwa bayan gari, abin da nake dawowa da shi jan hazo ne kawai. Daga nan garin gajimaren ba ya ɗagowa sama da digiri 13 daga ƙasa, wato haskensa sai ya ratso ƙura da hayaƙin ƙunar daji kafin ya iso. Wani dattijo makiyayi da rugarsu ke kusa da inda nake kafa kyamara ya gaji da kallona, ya matso. Yana jin Hausa. Ya ce, "Yaro, me kake nema a gindin sama?" Na nuna masa. Ya ce, "Can ba ya wankuwa sai ruwa ya sauka. Ɗaga kanka." Na ce, "To, Baffa."

Da na ɗaga, rukunin taurarin Oriyon ne a tsakar ka. Hazon taurarin da ke cikinsa, M42, ko da ido ana hango shi, nisansa kimanin shekarar haske 1,350. Ba ni da na'urar da ke bin juyawar sama, don haka daƙiƙa shida nake buɗe kyamara, in ya wuce haka taurari su ja wutsiya. Na ɗauki hoto ɗari, na tara su wuri ɗaya da manhajar Siril a kwamfutar shago. Da launin ja-ja ya fito a allon, na daɗe ban ce komai ba.

Tun daga ranar, kafin in zaɓi abu sai na duba ko yana da haske da girman da ƙaramin gilashi zai kama, da kuma iya tsayin da yake kaiwa, a daren da babu farin wata. Na kuma daina dogara da jerin abubuwan sama na masanin taurari Messier kaɗai. Abubuwa 110 ne a ciki, amma daga Faris mutumin ya yi dubansa, manyan kudu sun fi ƙarfin idonsa. Wani masanin taurari Lacaille ne ya je ƙarshen Afirka ta Kudu a 1751 ya rubuta su.

A watan Maris, bayan yayyafin farko ya kwantar da ƙura, na samu hazon Karina, yana kai digiri 23 wajen tsakar dare, ya kuma ninka na Oriyon faɗi. A Afrilu na samu Omega Sentauri a digiri 35, dunƙulen taurari kusan miliyan goma, kamar an zuba gero a faifai. Mai farawa a wannan yanki, a ganina da waɗannan ukun, Oriyon da Karina da Omega, ya kamata ya buɗe hannu.

Hoton Omega na kai wa Baffa har ruga. Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya sa aka kawo mini kindirmo a ƙwarya. A ranar ya koya mini cewa tauraro ɗaya "hoodere" ne, in suna da yawa "koode". Yanzu damina ta kama, sai Nuwamba sama za ta sake buɗewa, ya ce in na dawo in zo da bargo.