Muryoyin Kawu uku

Kawuna da ke Babbar Kasuwar Yamai murya uku gare shi a waya. In mai aiko masa kaya daga Kwatano ne, sai Faransanci ya tashi, "allo, wi wi", har da gyara zama. Abokin ciniki Bazabarme kuwa, "fofo", a faɗi kuɗi, a kashe.

Amma bari kakarmu ta yi masa bip daga Tawa. Nan take zai fita bakin rumfa, Adarancinsa ya dawo tsaf: "Inna, mi ya hwaru? Kuna lahiya?" Murya sama, makwabta duk suna ji. Ya tambayi gida, ya tambayi awaki da damina. Mutumin da ke yi mini faɗa kan kiredin dala ashirin, sai ya cinye na jikka ko a jikinsa.