Zuru, 15 ga Janairu

Hazo ya rufe gari tun asuba, sanyi har cikin ƙashi. Yau ce ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Na so zuwa wajen fareti, sai aji biyu suka riƙe ni har azahar. Da na tashi daga makaranta na wuce gidan Baba Saje, ƙanin kakata, na kai masa goro.

A garin nan da wuya ka shiga gida ba ka ga hoton wani da kakin soja a bango ba. Janar-janar kaɗai mun fitar da su da yawa, irin su Sani Sami da Ishaya Bamaiyi. Baba Saje kuwa igiya uku ya samu ya dawo gona. Yana runduna ta biyu ta Murtala Muhammed lokacin da suka yi yunƙurin ƙetare kogin Kwara daga Asaba zuwa Anacha a watan Oktoba na 1967, aka yi asarar mutane ba kaɗan ba. Ba ya son wannan zance. Da na taɓo shi sai ya ce, "Ɗan nan, yawancinmu ko iyo ba mu iya ba," ya kau da kai.

Labarin mahaifinsa ne yake buɗe masa baki, wanda ya je yaƙin Bama. Na ce masa, "Baba, a littafin da nake koyarwa an ce sojojin da suka dawo a ƙarshen yaƙin Hitila su ne suka buɗe wa mutane ido. Sun ga Bature yana jin tsoro, yana mutuwa kamar kowa, shi ya sa neman 'yancin kai ya yi ƙarfi har aka samu a 1960." Ya yi dariya har da tari. Ya ce tsohonsa bai taɓa ambaton 'yanci ba. Abin da yake ba su labari shi ne kaya a ka, da ruwan sama mara yankewa, da ƙafa da ke ruɓewa cikin takalmi. Da ya dawo, ɗan doka ya zama a En'e, ya sayi keke, ya ƙara aure.

Kayan kan nan gaskiya ne. Runduna ta 81 ta Yammacin Afirka da ta shiga kwarin Kaladan na ƙasar Bama a 1944 ba ta dogara da mota ba. Jirgin sama ke jefo abinci da harsashi, 'yan dako su ɗauka su kutsa daji. Sunayen wurare da rundunonin can ma sun biyo su gida: barikin Dodan a Legas, barikin Chindit a Zariya. Yara nawa ne a ajina suka san Dodan wuri ne a Bama?

Sai ya tuno da wata ƙwaya mai ɗaci da ake tsare su a layi kullum sai sun haɗiye, fitsari ya koma ruwan ɗorawa. Mefakirin ke nan, maganin zazzaɓin cizon sauro. Japan ta kama tsibirin Jaba a 1942, inda ake samun mafi yawan kwinin duniya, dole aka koma ga maganin da aka harhaɗa a ɗakin bincike. A dajin nan zazzaɓin cizon sauro ya fi harsashi kwantar da soja. Mu kuwa in an zo kimiyyar yaƙin, bam ɗin Hiroshima na 6 ga Agusta 1945 kaɗai muke rubuta wa yara a allo.

Ban ce littafi ya yi ƙarya ba. A Accra, babban birnin Ghana ta yanzu, tsofaffin sojoji sun yi zanga-zanga a 1948, aka harbe uku, ƙasar ta ɗauki wuta. Amma a ɗauki abin da ya faru can a yafa wa kowane kurtu daga Zuru ko Yawuri, wannan son sauƙi ne na masu rubutu. Wasu sun dawo da siyasa a ka, wasu da tari da keke.

Kafin magariba ya ce in dawo ranar Juma'a da wayata mai ɗaukar murya. Akwai abokinsa a Dabai da suka shiga jirgin ruwa ɗaya a Asaba, shi yana iya maganar. Sai na nemi mai babur tun gobe.