Kwana huɗu a tanti da insulin a ƙugu, har ɓarawo ya shigo

Tun da na dawo mutane ke tambayata wai da gaske na je bikin kaɗe-kaɗe na kwana huɗu ina kwana a tanti alhali ina da ciwon suga, har wata 'yar uwa tace min ai da muguwar rawa gara ƙin tashi. To na je ɗin kam, na yi rawar kuma na dawo da ƙafata, sai dai an min sata a daren uku, kuma labarin satar ne yasa na zauna rubuta wannan don nasan akwai masu irin lalurata da suke son zuwa amma tsoro ya hana su.

Nawa nau'i na 1 ne, wato jikina baya yin insulin ko kaɗan, shekara goma sha ɗaya kenan ina allura. Alƙalamin allura iri biyu nake amfani dasu, ɗaya mai dogon aiki sau ɗaya a rana, ɗaya mai saurin aiki duk sanda zan ci abinci, sannan akwai sensa maƙale a damtsena da take turo min sakamako a waya. A gida duk wannan ba komai bane, firij na nan, caja na nan, ƙofa na da makulli. A filin biki kuwa babu ko ɗaya, ɗakin naka ma yadi ne da zif.

Kafin tafiya na je wajen likitata da kusan wata guda, ta rubuta min takarda cewa ina buƙatar allura da kayan gwaji tare dani, muka kuma zauna muka duba yadda zan rage allurar da nake yi in zan ci abinci a ranakun da zan wuni a tsaye. Abu ɗaya ta nanata min har sau uku, ko ban ci komai ba kar na kuskura na tsallake mai dogon aikin. Takardar nan a ƙofar shiga tayi rana, mai binciken jaka ya zaro ledar allurai ya ɗaga ta sama yana kallona kamar ya kama dilan ƙwaya, ina miƙa masa takardar ya karanta yace min yi haƙuri wuce. Kayan kuma ninki biyu na abun da nake buƙata na ɗauka, komai da komai, ko dai ince haka na zata.

Abun da ban gane ba sai da na kafa tanti shine rana da ɓarawo sun saka ni a tsakiya, gaba kura baya sayaki. Duk inda zaka ɓoye abu ɓarawo ya kasa kaiwa, to nan ne zafi yake. Insulin ɗin da ba'a buɗe ba wajensa firij, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wanda aka fara amfani dashi yana iya zama a waje kamar kwana 28 ga yawancinsu, amma fa in zafi bai wuce 25 zuwa 30 ba, ya danganta da irin naka, takardar cikin kwalin ta faɗa. To shi tanti ƙarfe takwas na safe in rana ta fito ya riga ya koma tanda, zaka farka jiƙe da gumi kana neman zif kamar mai nutsewa. Mota a wajen fakin ta fi shi muni. Lokar haya da na gani kuma ta ƙarfe ce a jere a fili, na ɗora tafin hannu a jikinta da azahar na janye da sauri, nace ke dai sai dai fasfo da makullin gida. Kuma mugun abun shine insulin in zafi ya lalata shi ba lallai ya canja kama ba, wani lokacin yakan yi gajimare ko gudaji amma sau da yawa garau zaka ganshi, sai kayi allura suga ya ƙi sauka ka ƙara ya ƙi sauka kana ta zargin abincin da kaci.

Masu tantin kusa damu mutanen kirki, suka ce na kawo su saka min a kularsu ta ƙanƙara. Na gode musu na ƙi, saboda insulin in ya daskare ya mutu kenan ko da ya narke daga baya, kuma kula ce da hannu goma ke shiga a rana. Abun da ya cece ni wata 'yar jaka ce ta Frio, ana tsoma ta a ruwa na 'yan mintuna sai ƙwayoyin cikinta su kumbura, ruwan yana fita a hankali yana sanyaya abun da ke ciki, dabarar ruwan randa dai. Tana kai kusan kwana biyu kafin a sake jiƙawa. Sharaɗinta ɗaya sai ta sha iska, in ka ƙulle ta a leda ka kashe aikin, ni kuwa ranar farko haka nayi wai don kar ta jiƙa min kaya.

Sai na raba kayan gida uku. Waɗanda ban buɗe ba na kai tantin likitoci, suna da firij, na riga na tura musu saƙo tun ina gida sun ce na kawo, wata nas ta rubuta sunana da lambar wayata a leda ta saka. Kar kowa ya ɗauka ko'ina haka ne, a tambaya tukun. Kashi na biyu yana wajen ƙanina da muka je tare, mitar gwaji ta biyu da tsinkayenta da allurai da glucagon, wato allurar gaggawa da ake yiwa mutum in suga ya faɗi har ya kasa haɗiyar komai, kuma tun a gida na sa shi ya gwada min yadda zai yi har sau biyu yana cewa Yaya dan Allah ka daina min fatan tsiya. Kashi na uku a ƙuguna, cikin wata baƙar jakar fata mai kyau da na saya musamman, kuma kyan nan nata shi ya ja min.

Daren biyu suga ya faɗi min a tsakiyar taro. Lissafin da ban yi daidai ba shine tafiya, daga tanti zuwa dandamali, zuwa layin ruwa, zuwa banɗaki, a dawo, ga rawa, ga zafi da yake sa jiki ya zuƙi insulin da sauri fiye da kullum. Wayar tayi ta ƙara a aljihu amma wa zai ji ƙararrawa a gaban sifikun da ƙirjinka ma rawa yake. Gumin da karkarwar da bugun zuciyar da na saba gane faɗuwar suga dasu duk na ɗauka na rawa ne, sai da leɓena ya fara min wani zuuu kamar ba nawa ba sannan na duba, 3.1. Ƙasa da 4 dai an shiga matsala, ko 70 ga masu ɗaya ma'aunin. Na zauna a ƙasa a inda nake na watsa ƙwayoyin gulukos huɗu a baki, kusan giram 15 kenan, ƙa'idar ita ce ka jira minti 15 ka sake gwadawa in bai hau ba ka ƙara. Wani da ya kusa taka ni ya sunkuyo yana dariya yana cewa abokina ka sha da yawa ko. Ban ji haushinsa ba, a wajen da rabin mutane a buge suke mai faɗuwar suga da mashayi kamarsu ɗaya, magana na harɗewa, tafiya na tangaɗi, kuma wannan shine abun tsoron, a jingine ka a gefe ace bari ya wartsake. Shi yasa munduwar da aka rubuta ciwona a jiki bata bar hannuna ba ko wajen wanka. Ga masu shan giya kuma abun ya ninka, hanta na shagala da giyar ta kasa sakin sugan da take ajiyewa, sai ya faɗi cikin barci awanni bayan an gama sha.

Ko ba giya ma wahalar wuni tana biyo mutum har gado, jiki na cigaba da jan suga awanni da yawa bayan motsa jiki, don haka kowane dare sai naci wani abu mai riƙe ciki kafin na kwanta na aje lemon kwali a kusa da kaina inda hannu zai kai ko a duhu. Wani abun haushi kuma, kwanciya a ƙasa mai tauri a kan hannun da sensa take yana sa ta nuna suga ya faɗi alhali ƙarya ne, sau biyu ta tashe ni na huda yatsa na ga lafiya lau. In zaka huda ɗin ma wanke hannu tukun, yatsan da ya taɓa lemo zai baka lambar da zata tsinka maka zuciya.

To daren uku. Mun dawo wajen uku na dare ƙafafuna kamar ba nawa ba, na cire takalmi na haska tocila na duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kamar yadda nake yi kullum saboda bororo a ƙafar mai suga ba abun wasa bane, nayi allurata, na cusa waya da walat can ƙasan jakar barci wajen ƙafafu kamar yadda kowa ya bani shawara. Jakar ƙugun ce dai ta dame ni, ta goge min fata wuni guda, nace bari na kwance ta na aje a gefe na minti biyar. Gefen kuwa bakin ƙofa ne.

Da safe iska ce ta tashe ni, zif a buɗe kamar taƙi ɗaya, daidai shigar hannu. Ba'a yanka komai ba, ba'a taɓa takalmi ba, mu biyu muna kwance ba wanda ya motsa. Ƙanina yace da mun sa kwaɗo, nace kwaɗo a jikin yadi ai talla ne, ka gaya wa mai reza akwai kaya a nan kenan, kuma in wani abu ya same ni da dare ta ina masu taimako zasu shigo.

Na zauna ina lissafin abun da ya tafi, alƙalamin mai saurin aiki, jakar sanyin, mita, allurai, gulukos, da fawabank. Wallahi abun da ya fi cina shine nasan mutumin nan kuɗi ya zata, zai buɗe a bayan wani tanti ya ga allurai ya yi tsaki ya wurgar, abun da ni rayuwata ke rataye dashi a wajensa ko kwabo bai kai ba. Da jakar banza ce mai haske da ake ganin cikinta, da an rubuta magani ɓaro-ɓaro a jiki, ƙila ma da bai wahalar da kansa ba.

Minti ashirin na taka zuwa tantin likitoci ban karya ba, nas ɗin nan ta ɗauko min ledata na ciri sabon alƙalami, ƙanina ya bani mita da allurai, kafin tara na safe na koma daidai kamar ba'ayi komai ba. Da duka a jaka ɗaya suke da bikin ya ƙare min a nan, mai nau'i na 1 in ya rasa insulin ba kwanaki ake magana ba, cikin awanni kiton, wato wani sinadari mai guba da jiki ke fitarwa in ya koma ƙona kitse, ke fara taruwa a jini, in ya kai 3 a ma'auni kuwa asibiti ne kai tsaye ba shawara. Abu ɗaya ne ban ninka ba, fawabank, don ban taɓa lissafa shi cikin kayan magani ba. Wayata na kan kashi 19, kuma ita ce idon da nake ganin sensa dashi. Wajen cajin haya layi ne har ya lanƙwasa, kuma sai ka bar musu wayar ka tafi. Na kashe ta kawai na koma huda yatsa kamar shekarun farko, na ari agogon ƙanina na saita lokacin allurar dare, don a wajen nan ba ka sanin ƙarfe nawa sai dai kaji wane mawaƙi ne a sama.

Daga baya nake jin cewa wasu manyan bukukuwan irin Glastonbury na Ingila, wanda aka fara tun 1970 yake tara mutum kusan dubu 200, suna da rumfunan ajiya kyauta dare da rana. Namu ma ashe akwai makamancin haka a can ƙarshen fili, na wuce shi ya fi sau biyar ban ɗaga kai na karanta allon ba.

Ranar tashi muna naɗe tanti ƙanina yace Yaya mu leƙa wajen kayan tsintuwa mana ko Allah zai sa. Ai kuwa tana can, cikin wani kwali tare da tabarau da makullai da takalmi wari ɗaya, wani ya tsince ta a bayan banɗakuna. Mita na ciki, allurai na ciki, fawabank babu, gulukos ɗin ma an shanye an bar min robar. Jakar sanyin ta bushe ƙamas. Na ɗaga alƙalamin a rana na duba, garau yake, saura fiye da rabi, amma bansan awa nawa yayi a kwance a rana ba, sai na miƙa wa nas ɗin nace ta jefa min a kwandon allurai. Ƙanina kuma tun a mota ya ƙwace jakar fatar wai ta dace da wandonsa.