Shatar jirgi a Tafkin Kainji daga bakin ruwan Yawuri

Jirage biyu gare ni a bakin ruwan Yawuri, dukansu na katako, kowanne da rumfarsa da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40. Ba na lodin kasuwa, ba na ɗaukar buhunan albasa ko babura. Aikina shata ne kawai. Iyali ko abokai, ko baƙin da suka zo biki, su ɗauki jirgi sukutum, daga su sai matuƙi da yaron jirgi, mu shiga Tafkin Kainji su ga abin da Allah ya shimfiɗa a nan, su ci kifin da aka kama a gaban idonsu, mu dawo da su kafin rana ta faɗi. Inda suka ce a tsaya, a tsaya. In sun ce a kashe inji suna son jin kukan tsuntsaye, a kashe.

Yawancin masu zuwa mana daga Kano ko Sakkwato ko Kaduna, in ka ce Kainji, wutar lantarki ce kawai ke zuwa musu a rai. Sai sun zauna a jirgi sun ga ruwa ya ƙi ƙarewa sannan tambayoyi su fara. Daga 1964 zuwa 1968 aka yi aikin tare kogin Kwara, ruwa ya taru ya yi ta komawa baya har ya iso mana nan, tsawon kusan kilomita 135. Can ƙasa wajen tsibirin Foge faɗinsa ya haura kilomita 20, ba ka hango ɗaya gaɓar ko da gari ya yi garau. Mutum wajen 44,000 aka tasa daga garuruwansu da gungunansu aka sake musu matsuguni. Tsohuwar Busa, inda Baturen nan Mungo Park ya gamu da ajalinsa a 1806 bayan ya biyo ta ƙasar Yawuri, yau tana ƙarƙashin ruwa. A 1830 wasu Turawa biyu, wa da ƙane, Richard da John Lander, sun zo har fadar Sarkin Yawuri suna cigiyar takardunsa. Ina ba baƙina wannan labari tun muna barin gaɓa, don ya kamata mutum ya san kan me yake tafiya.

Amma ni matuƙi, abin da ya dame ni a tarihin nan shi ne itatuwa. Da ruwa ya zo, ba duka aka sare ba. Daji ya nutse a tsaye. Ƙirya da giginya ba sa ruɓewa da wuri, har yau kututtukansu na nan, wasu can ƙasa, wasu kuwa taƙi ɗaya ne tsakaninsu da saman ruwa. Jirgi mai gudu ya hau ɗaya, katako ya tsage, shi ke nan. Wanda ya ɗauki shata a wurina, gaskiyar magana, ba kujera da rumfa yake biya ba. Sanin inda kututtukan nan suke yake biya.

A wurin kawuna na koya, ƙanen mahaifiyata, Basarke da ya san kogin tun ba a tare shi ba. Allah ya jiƙansa. Ya yi noma a wuraren da yanzu muke bi ta kansu da inji, don haka taswirar ƙasan ruwan tana kansa. Muna tafe sai ya nuna wani fili na ruwa da ba ka ganin komai a kai, ya ce, "Nan bakin kasuwa ne da, akwai tsamiya biyu, bi ta hagu." Ko ya ce, "Tsohon kogi ta nan ya bi, saki jikinka, akwai zurfi." Bai bar ni na taɓa inji ba sai da na shekara da shekaru. Kwashe ruwa na fara, da yankakken galan, ina durƙushe a tsakiyar jirgi. Daga nan filafili. Daga nan ya tsayar da ni a goshin jirgi da gwangwala a hannu, ina caka ruwa ina faɗa masa abin da na taɓa: laka ce, yashi ne, ko ice. In na yi shiru ya daka mini tsawa, "Kai yaro, bakinka ne idon jirgin nan!" A tsaye a goshin nan na gane yadda kututture ke tona kansa. Ruwan da ke kansa yakan ɗan murɗe, ya yi wani ɗan zobe da ba ya tafiya tare da igiyar ruwa. Sauran ruwa na wucewa, shi yana nan daram. Da safe in ruwa ya kwanta ana ganinsa daga nesa, in iska ta taso kuwa sai wanda ya riga ya san wurin.

Ga shi tafkin ba ya zama wuri ɗaya. Sau biyu ruwa ke zuwa mana a shekara. Farin ruwa na damina ne, mai laka, wanda ruwan saman ƙasashenmu ke kawowa daga wajen Agusta. Baƙin ruwa kuwa daga tsaunukan Gini yake tasowa, ya ratsa Mali da Nijar, ya zubar da lakarsa a hanya, ya iso mana tatas cikin sanyi, daga wajen Disamba zuwa Fabrairu. Bayan nan tafki ya fara ja da baya har damina ta kankama, ya sauka mita da yawa. Hanyar da ka bi lafiya a Janairu, a Yuni kututture ne ke jiranka a kanta. Wannan ne abin da masu sayen tsohon jirgi jiya su ce yau suna yawo da baƙi ba su sani ba, kuma ba sa son tambaya.

Jiragena na madaci ne, ni na je na zaɓi katakon da hannuna, na bar shi ya bushe a inuwa kafin masassaƙi ya taɓa shi. Ɗanyen katako ya fi araha, amma rani ɗaya zai sa ya ja baki. Kowace gaɓa tsakanin katako da katako ana cusa mata auduga, a zuba kwalta mai zafi, a rufe da siririn kwano, a bi shi da ƙananan ƙusoshi kusa da kusa. Duk asuba kafin baƙi su iso nakan bi gaɓoɓin nan da babban yatsa, inda na ji danshi ko laushi, ranar jirgin ba zai fita ba, ɗayan zai je. Rumfar ma ban yi ta da tsayi ba da gangan, don doguwar rumfa iska take kamawa ta karkata jirgi.

Inji kuwa, in na fara maganarsa sai raina ya ɓaci saboda masu kayan gyara. Jabu ya cika kasuwa. Ka ba da kuɗin na asali, a kawo maka fulogi a kwali mai kyau, sati biyu ya mutu. Robar famfon ruwa ta fi ba ni tsoro, ita ce ke jawo ruwan da ke sanyaya inji. Ta jabu fukafukanta kan gutsure a tsakiyar tafiya, inji ya ɗau zafi ya tsaya cak da iyalin mutane a inda ba ka da mai taimako sai Allah. Shi ya sa kowane matuƙi na gaske idonsa na kan ɗan siririn ruwan nan da inji ke tsartarwa ta baya, wanda muke kira fitsarin inji. Muddin yana zuba da ƙarfi, lafiya. Ya fara ɗiga, a rage wuta nan take. Wani dillali ya taɓa rantse mini har da dafa ƙirji cewa kayansa daga kamfani suke, na lanƙwasa robar a gabansa ta tsage. Tun ranar ban sake taka shagonsa ba. Fetur ma ba na saye a hannun 'yan bumburutu, a gidan mai nake saye, in tace shi da kyalle, in gauraya da kaina, lita 50 na fetur da lita 1 ta man inji. A ƙarƙashin kujerar matuƙi kullum akwai farfela ta biyu da fulogi da igiya da filafili biyu.

Mukan tashi bayan sallar asuba da ɗan hantsi, lokacin masunta na janye kalli, wato ragar da suka kwana da ita a ruwa. Sai in rage wuta mu matsa kusa, mu yi sallama, baƙi su leƙa cikin kwalekwale. Ga ƙarfasa, ga kurungu na ƙara, ga ragon ruwa, ga tsage mai haƙora a waje. In an yi sa'a a tarar da giwan ruwa da sai mutum biyu sun kama kafin a ɗaga shi. Yaran birni da ba su taɓa ganin kifi da rai ba sukan yi ta ihu. Can gefe wani na tsaye a goshin kwalekwalensa, ya juya jiki ya wurga ragar birgi, ta buɗe a sama ta faɗa ruwa. Wannan kam ko ni da na tashi a ciki ban gaji da kallonsa ba. A bakin ciyawar burgu kuwa ga balbela fari fat, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, ga kirinjijiya na tashi garke guda suna fito.

Kowa tambayarsa dorina. Akwai ta, kuma na san wuraren da take kwanciya, amma daga nesa nake nuna ta. Mai ɗa ba a yi mata wasa, kwalekwale take kifarwa. An sha roƙona, "Malam, ɗan matsa mana mu ɗau hoto." Ba na matsawa. Masu neman suna su ne ke kutsa jirgi kusa da ita don a yaba musu a Facebook, alhali ran mutane ne a hannunsu.

Da azahar mu sauka a wani gungu, a shimfiɗa tabarma a inuwa, a yi alwala a yi salla. Yaron jirgina gwani ne wajen gashi. Ya tsaga ƙarfasa ta baya, ya wanke, ya shafa gishiri da yajin ƙuli, ya ɗora a garwashi, ya yanka albasar Yawuri a kai da lemon tsami. Gungawa da ke noman albasar nan mutanen kirki ne, mun saba, in sun ga jirgina da kansu suke kawo itace. Nakan roƙi baƙi abu ɗaya: kada a ɗauki hoton matan mutane ba izini, kuma duk leda da robar da aka zo da ita a koma da ita.

Wata shatar ba ta kallo ba ce. Wani bawan Allah ma'aikaci ya taɓa zuwa da mahaifiyarsa, tsohuwa tukuf, aka tallabo ta aka sa a jirgi. Tana budurwa aka tashe su daga gungunsu, so take a kai ta kan wurin. Na gane shi da kwatancen kawu da wani dutse da ke leƙowa in ruwa ya ja. Na ce, "Inna, mun iso." Ta sa hannu a ruwa, ta ambaci sunayen iyayenta da ke kwance a ƙasan nan, ta yi musu addu'a muka shafa. Wanda ya fara tuƙi bara ba zai iya kai ta wurin ba ko nawa aka ba shi.

Duk da haka sai mutum ya zo ya tsaya yana ciniki da ni kamar mai sayen tumatir. "Haba Malam, ga wani can ya ce rabin kuɗinka zai kai mu." Nakan ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, je ka duba jirginsa. Ka ƙirga rigunan kariya, ka tambaye shi in inji ya mutu me zai yi." Wani ya dawo, wani ya tafi. Araha dai ba ta ado. Wani kuma a yi magana da shi kan mutum takwas, ya iso da sha biyar, ya ce ai yara ne. Yaro ma rai ne, kuma nauyi ne. Jirgina mutum goma yake ɗauka, na sha ɗaya sai dai a ɗauki jirgi na biyu.

Mu nan ba labari aka ba mu ba. Ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin da ya taso daga Lokon Minna a jihar Neja zuwa Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, ya dare a tsakiyar ruwa da mutum sama da 150, kaɗan ne suka tsira. Kwanaki aka yi ana tsamo gawa. Duk mai jirgin da ya ga wannan ya ci gaba da lodin ganganci, ban san me zai gaya wa Allah ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare, ta wajabta rigar kariya, kuma ni tun kafin doka haka nake aiki. Ba mai shiga jirgina sai ya sa riga, na ɗaure masa ita da hannuna, mata kuma 'yar'uwarsu ta ɗaure musu ina faɗin yadda za a yi. Akwai ƙanana na yara. Mai babbar riga ya cire ta ya ninke, ya sa ta kariya, in mun sauka ya mayar da abarsa.

Lokacin bikin Rigata, da Yawuri ke cika da baƙi ana tseren jirage da wasannin ruwa, nan ne masu kwaikwayo ke fitowa. A shafa wa tsohon jirgin lodi fenti, a kafa masa tamfol, a ce shata. Mai son zuwa kallon Rigata da jirgina ya yi magana da wuri, don ba na ƙara ko mutum ɗaya saboda biki.

Wanda ke son ganin tafkin a cike, ruwa garau, ya zo tsakanin Disamba da Fabrairu, sai dai ranar da hazo ya rufe mukan jira ya washe kafin mu tashi. Afrilu da Mayu, farkon damina, hadari kan taso daga gabas ba sallama, don haka gajeriyar tafiya nake yi kusa da gaɓa, da safe kawai. Zuwa Foge wuni guda ne cur, kuma saboda halin tsaro sai na tuntuɓi mutanenmu na garuruwan bakin ruwa tun daren jiya, in ba su ce lafiya ba, mu tsaya a gungunan kusa. A zo da hula ko mayafi saboda rana, da ruwan sha, da leda mai kauri ta sa waya. In akwai tsoho ko mai juna biyu a cikin tafiyar, a gaya mini tun a waya in tanadi katifa a tsakiyar jirgi, inda girgiza ta fi sauƙi.