Inda na kai da ɓoye gwaje-gwajen sirri

'Yan uwa masu koyon rubuta manhaja, ga inda aka kwana kan injin duba aiki da nake haɗa wa ƙungiyarmu ta Samaru. Tsarin kun san shi: ka rubuta aikinka da Python, ka tura GitHub, shafin ajiye manhaja, injin ya gwada shi da pytest, manhajar gwada aikin Python, ya ba ka maki. Gwaje-gwajen kashi biyu ne, na fili da kowa ke gani, da na sirri waɗanda ake yanke maki da su.

Na sirrin nan su suka cinye min makon nan. Na kwashe su zuwa ma'ajiya ta daban wadda ni kaɗai ke da izinin buɗewa. GitHub Actions, wanda shi ke kunna gwajin idan an turo aiki, ya sauƙaƙa min, domin ba ya miƙa makullan sirri, irin wanda ke buɗe wannan ma'ajiya, ga aikin da ya taso daga kwafin ma'ajiyar da wani ya yi (fork). Sai dai ku kiyayi pull_request_target, wata hanyar tayar da aiki a GitHub Actions. Shi da makullan a hannunsa yake aiki, in kuka bari ya kunna abin da baƙo ya rubuta, kun ba kura ajiyar nama.

Ɓoye fayil kawai bai wadatar ba, kuma nan ne na fi daɗewa. Idan pytest ya jawo aikin ɗalibi suna gudana wuri ɗaya, layi biyu da open(), umarnin buɗe fayil, sun isa ɗalibin ya karanta fayil ɗin gwajin kaf. Ko bai yi haka ba, duk gwajin da ya faɗi, pytest da kansa yakan buga amsar da ake nema kusa da wadda aka samu.

Yanzu aikin ɗalibi a cikin Docker yake gudana, wato a keɓe kamar cikin akwati, da --network none mai yanke intanet, babu fayil ɗin gwaji ko ɗaya a wurin. Tambaya ce kawai ke shiga, amsa ta fito, pytest yana waje yana kwatantawa. Na sa --tb=no don kada pytest ya buga dogon bayanin kuskure, ɗalibi kuma ba ya ganin komai sai "ya ci" ko "bai ci ba". Wasu za su ce na tsananta. Ni dai na ga yadda wanda ya hango amsa yake jera if sama da if har ya ci maki, ranar aiki na gaske kuma ya rasa ta cewa, abin yana min ciwo.

Saura kafa ɗaya: mai naci zai iya yi ta turawa yana canki-canka har ya gano amsoshin. Ina so in kayyade turawa a kowace rana. Wanda ya taɓa haɗa irin wannan, don Allah ya zo da kwamfutarsa ranar Asabar bayan La'asar mu duba tare.